Kafin Ka Bar Dajin Nan, Ɗana

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Na karanta shi sau biyu, sannan na sa ƙanwarka ta buɗe mini hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na ga giwayen, na ga zakanyar nan da ta miƙe a kan dutse, na kuma ga kai da mai ɗakinka kun duƙunƙune cikin rigunan sanyi. Allah Ya sa albarka a tafiyar, Ya dawo mana da ku lafiya.

Ka ce yau ne darenku na ƙarshe a zangon tantuna da ke Seronera, a tsakiyar gandun dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya. Gobe za ku kwana a bakin ramin Ngorongoro, wancan ƙaton kwari mai cike da namun daji da ya samu bayan wani tsohon dutse mai aman wuta ya rufta, jibi da sassafe ku gangara cikinsa, daga nan sai birnin Arusha, sai filin jirgi. Ka ce cikin manyan namun daji biyar da kowa ke ƙirgawa kun ga zaki da giwa da ɓauna da damisa, saura karkanda, kuma mutum biyu daga cikin waɗanda kuke mota ɗaya sun fara cewa in ba a gan ta ba za su rage abin da za a ba direba. Shi ne kake tambaya: wai kuɗin sallamar nan dole ne, alhali kun biya kamfani tun kafin ku taso? Ba cin hanci ba ne aka canja masa suna? In kuma za a bayar, yaya mutanen wurin suke yi? Sai ka ƙara da maganar tsaraba.

Na ji daɗi da ka tambaya tun da sauran lokaci. Ni ma na bi hanyar nan shekaru da dama da suka wuce, sa'ad da aiki ya kai ni Arusha, kuma akwai abin da na bari a can ban yi ba wanda har yau yake ci mini rai. Zan zo kansa.

Bari in fara da abin da ya tsaya maka a zuciya, don na san halinka, in abu bai kwanta maka ba, ko hannunka ya miƙa, fuskarka za ta tona ka. Cin hanci kafin aiki ake ba da shi, don a karkatar da mutum daga abin da ya kamata ya yi. Tukuici bayan aiki yake zuwa, kuma ba ya sayen komai, tunda abin da za a saya ya riga ya wuce. In kana son ka ga cin hanci na gaske a dajin nan, ga yadda yake: ka laluba aljihu, ka ce wa direba ya sauka daga kan hanya ya kutsa cikin ciyawa don ku matsa jikin zaki. Dokar gandun ta hana barin hanya, ta hana gudu fiye da kilomita 50 a awa, ta hana a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe. In ma'aikatan gandu suka kama shi, shi za a ci tara, sunansa ne zai ɓaci a wurin da yake neman abincin iyalinsa, kai kuwa kana cikin jirgi kana duba hotuna. Wannan shi ne abin da nake so ka guje wa jibi, kuma ranar ƙarshe ce aka fi yin sa, don kowa hankalinsa ya tashi, yana ganin kamar kuɗinsa za su tafi a banza.

Kuɗin da ka biya kamfani kuwa, kaso mai tsoka na tafiya ne a kuɗin shiga gandu da ake biya kan kowane mutum kowace rana, da mai, da gyaran mota, da masauki, da abinci. A sana'ar nan an daɗe da sanin cewa abin da baƙi suke ba direba a ƙarshe yana cikin lissafin abin da yake ci da iyalinsa. Babu dokar da ta wajabta, babu wanda zai tare ka a ƙofa. Amma al'adar wurin ce, an san da ita, shi ma da ita ya fito daga gida. Kuma aikin na damina da rani ne: idan ruwan da suke kira masika ya sauka a watannin Afrilu da Mayu, baƙi kan yi ƙaranci, wasu zangunan ma rufewa suke yi. Abin da ya samu a watannin cika, da shi zai ratsa watannin rashi.

Ka yi tunanin abin da mutumin nan ya yi maka a kwanakin nan. Kafin ka buɗe ido ya riga ya tashi, ya duba mai da ruwa da tayoyi, ya kakkaɓe ƙurar jiya daga kujerarka. Hannunsa ɗaya a sitiyari, kunnensa a oba-oba yana sauraron 'yan'uwansa direbobi, idonsa kuma yana can kan reshen wata bishiya da kai ba ka ga komai a kai ba sai ganye. Ita damisar da kuka gani, na tabbata jelarta ya fara hangowa tana lilo, ku kuwa sai da ya yi ta nuni kafin ku gane. In taya ta yi faci a tsakiyar fili, shi ne zai sauka ya durƙusa yana juya wa ciyawa baya, ku kuna zaune a ciki. Ya san inda ƙudan tsando suke yawa ya ce ku rufe gilashi, ya san inda laka take cin mota. Wannan duk ya riga ya yi shi. Ko an ga karkanda ko ba a gani ba, ba abin da zai goge shi.

Ita karkanda ɗin, ka gaya wa abokan tafiyarka labarinta, wataƙila zuciyarsu ta yi sanyi. A tsakiyar shekarun 1960 akwai baƙar karkanda sama da 100 a cikin ramin Ngorongoro. Zuwa shekarun 1990 masu farautar ƙahonta sun mai da su ƙasa da 20. 'Yan kaɗan da ake gani yanzu, gadin dare da rana ne ya tsirar da su. Ramin nan zurfinsa kusan mita 600, faɗin ƙasansa kimanin murabba'in kilomita 260, ita kuma dabba ce mai son kaɗaici, in iska ta yi sanyi sai ta shige kurmi ta ƙi fitowa. Sau da yawa wanda ya ce ya gan ta, wani ɗigo ne mai ruwan toka ya hanga can nesa da madubin hangen nesa. To, ta yaya za a ɗora wa direba laifin dabbar da mutane suka kusa ƙarar da ita tun kafin a haife shi? Ba garke ba ce da zai kora muku. Ganinta rabo ne, in da rabonku za ta fito.

Har lissafin biyar ɗin nan ma, ka san asalinsa? Mafarautan Turawa ne na zamanin da suka ware su, don su ne suka fi hatsari in mutum ya bi su a ƙafa da bindiga. Lissafin masu harbi ne, masu kallo suka gada. Ni a ganina bai kamata ya hana mutum jin daɗin abin da ke gabansa ba. A cikin ramin za ku ga dorina, ku ga kuraye da rana tsaka, ku ga gauraka da jimina da jakunan dawa, da waɗannan masu gemu da suke kira nyumbu. Raƙumin dawa ne ba za ku gani a ƙasan ramin ba, kada ku wahalar da kanku nemansa.

Yanzu ga yadda ake bayarwa. Ku da kuke mota ɗaya ku zauna gobe da dare, tun kafin a gangara ramin, ku yanke abin da kowa zai sa. Na ce tun kafin a gangara ne da gangan, don kada abin da aka gani ko ba a gani ba jibi ya shiga lissafi. Galibi kamfanoni sukan rubuta abin da suke ba da shawara a bayar kan kowace rana a takardar shirin tafiya, ka duba taka, ka ɗauke shi a matsayin mafari. In waɗancan biyun suka nace sai sun rage, kada ka yi musu da su har a ɓata, kuma kada ka bi su. Kai dai ka sa naka cikakke. In Allah Ya hore maka ka cike giɓin, ka cike ba tare da kowa ya sani ba.

A sa kuɗin a ambulan. Kada ka tsaya a gabansa kana ƙirga takardu kana lasar yatsa kamar mai biyan bashi, kada kuma ka cusa masa a aljihu kana kallon wani wuri. Sai an iso inda za ku rabu, an sauke kaya, an tabbatar ba a bar komai a mota ba, sannan ɗayanku ya tsaya ya yi magana a madadin kowa. Ka kira sunansa. Ka ambaci abu ɗaya takamaimai da ya yi wanda ba za ka manta ba, don godiyar da ba ta da abin nuni, kowa ya san ta baki ce. Ka miƙa da hannun dama, in ka tallafa da na hagu ya fi, haka suke nuna girmamawa. Wataƙila ba zai buɗe a gabanka ba, kada ka zaci raini ne, kunya ce da ladabi.

Kuɗinsu shilingi ne, kuma shi ne ya fi sauƙin kashewa ga ma'aikacin da ba kullum yake shiga gari ba. In ka duba takardun za ka ga giwa a kan ta 10,000, karkanda a kan ta 5,000, zaki a kan ta 2,000, sai Julius Nyerere a kan ta 1,000. Ƙasar da ta ɗora namun dajinta a kan kuɗinta tare da shugabanta na farko ta gaya maka matsayin da ta ba su. In dala za ka bayar, ka zaɓi sababbi masu tsabta. Tsofaffin bugu, da wadda ta yage, da wadda aka yi rubutu a kanta, masu canji kan ƙi karɓa, sai ka bar mutum da takardar da ba ta da amfani a hannunsa. Tsabar kuɗin wata ƙasa kuwa kada ma ka fara.

Wannan na direba ke nan. Amma akwai waɗanda ba ka gani. Wanda ya dafa abincin da ka ci, da wanda ya wanke kwanon, da wanda ya ɗora ruwa a wuta ya ɗauko a bokiti ya juye a tulun wankan da ke bayan tantinka, da wanda ya wanke maka rigar da ƙura ta mai da ja. Saboda su ne ake ajiye akwati a wurin karɓar baƙi, abin da aka zuba a ciki a raba wa ma'aikata duka. Ka tambayi manajan zango yadda suke rabawa, sannan ka zuba naka gobe kafin ku tashi. Mutane sukan ba wanda ya yi musu murmushi a teburi, su manta da wanda hayaƙi ya cika wa ido a bayan fage. Akwatin nan shi ke gyara wannan.

To, ga abin da na ce yana ci mini rai.

A zangon da muka sauka, ba a yarda baƙo ya fita daga tanti shi kaɗai da dare ba, na san ku ma haka aka gaya muku, tunda babu shinge tsakaninku da daji. Sai ka haska tocila, mai gadi ya zo ya raka ka. Askari suke ce musu. Namu wani dogon Bamasaye ne, wato ɗan ƙabilar Masai, makiyayan yankin, ya manyanta, yana yafe da jan mayafi, da mashi a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, takalminsa na tayar mota. Daren farko na fito da asuba zan yi alwala, ruwan da ke buta ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Yana tsaye nesa kaɗan yana kallona, bai ce komai ba. Washegari da na zuge ƙofar tanti, sai na tarar da butar a bakin ƙofa, an rufe ta da tsumma, ruwan ciki da ɗumi. Ban roƙe shi ba. Ba ma jin yaren juna. Haka ya yi mini asuba uku a jere. Kuma duk sa'ad da na tayar da salla a waje, sai in ji takunsa ya zagayo ya tsaya a bayana, fuskarsa na duban duhu, har in sallame. A daren na uku, da na idar, ya taɓa kafaɗata ya haska ƙasa: sawun ɓauna ne sabo, bai fi taku goma daga inda na shimfiɗa dardumata ba. Ashe ya san tana nan, shi ya sa ya tsaya.

Ranar tafiya muka tashi a gurguje, ana ta ɗaure kaya, ana cewa za a makara. Na sallami direba daga baya yadda ya kamata, na zuba abin da na zuba a akwati. Sai da muka wuce ƙofar Naabi, gandun ya koma bayanmu, sannan ya faɗo mini a rai. Na tambaya, aka ce ai masu gadin dare da gari ya waye suke shiga barci. Ko sunansa ban tambaya ba. Na san rabonsa na akwati ya kai gare shi, amma ba kuɗi ne bashin da yake bi na ba. Mutumin da ya tsaya tsakanina da ɓauna ina sujada, na tafi ban dube shi na ce na gode ba. Shekarun nan duka, in na ɗauki buta da asuba a lokacin sanyi, sai na tuna da shi, kuma ina sa shi a addu'a.

Saboda haka, ɗana, ban kwana da masu aikin dare da dare ake yin sa. Yau ɗin nan. In ya zo raka ku daga wurin cin abinci, ka tsaya a bakin tanti, ka tambayi sunansa, ka riƙe hannunsa, ka ba shi abin da ka ware masa daban. Da harshensu na Maa godiya ita ce ashe, in ka so ka ƙarfafa ka ce ashe oleng. Kalmar ba za ta yi maka wuyar riƙewa ba, tunda tana bakinka tun kana yaro, ma'anar ce kawai ta bambanta.

Da Swahili kuma ka riƙe 'yan kalmomi, suna buɗe fuska fiye da yadda kake zato. Asante sana, na gode ƙwarai. Kwa heri, sai wata rana. Za su ce maka safari njema, wato a sauka lafiya, da karibu tena, wato ka sake dawowa. In ka ga mutum yana fama da aiki ko ya gaji, ka ce masa pole, daidai take da sannunmu. In kuwa wanda ya girme ka ne sosai, gaisuwarsa ita ce shikamoo, shi kuma ya amsa da marahaba. Kada ka ga kai ne baƙo mai biya ka tsallake wannan. Dattijo dattijo ne ko da shi yake ɗaukar maka jaka. Za ka ma lura kunnenka yana kama kalmomi da yawa, don harshensu ya sha daga rijiyar Larabci kamar namu: alfajiri, asubuhi, sabuni, dunia, baraka. Ita kanta kalmar safari daga safar ta Larabci take, tafiya ke nan kawai, uwa ɗaya da safarar da muke faɗa.

Sai dai ka yi hattara da agogonsu, musamman ranar da jirgi ke jiranka. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, sa'a ta ɗaya. Tsakar rana saa sita. Ƙarfe shida na safe kuwa saa kumi na mbili, sa'a ta goma sha biyu. Tazarar awa shida ce cif. In ka ji ma'aikaci ya faɗi lokaci, ka nuna masa fuskar agogonka ku daidaita. Daga ramin zuwa Arusha, ta Karatu da Mto wa Mbu da Makuyuni, ka ware awa uku zuwa huɗu, sannan filin jirgin Kilimanjaro yana gaba da kusan kilomita 50, a hanyar Moshi. In direba ya ce lokacin fita daga ramin ya yi, kada ku roƙe shi ƙarin minti goma. Mintocin nan a kan kwalta zai biya su da gudu, kuma rayukanku ne a motar.

Maganar salla, tunda na san za ta zo maka. Kai matafiyi ne, sauƙin da aka yi wa matafiyi naka ne. Ka sanar da direba tun da safe don ya san inda zai tsaya, domin a cikin ramin ba a sauka sai a wuraren da aka keɓe. Kuma kada sabo ya sa ka fuskanci mafitar rana. Daga arewacin Tanzaniya alƙibla tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. A wurin cin abincin rana da ke bakin tafkin dorina kuma, ku ci a cikin mota. Shirwar wurin ta saba da mutane, takan faɗo ta fizge abin da ke hannunka, wani lokaci har da fatar yatsa. Kada kuma a jefa wa kowace dabba abinci, ko biri ko tsuntsu, doka ta hana, kuma shi ne ya lalata shirwar tun farko.

A hanyarku ta gobe za ku ratsa ƙasar Masai, za ku gan su da shanunsu a gefen hanya. Ka san cewa filin da ka kwana a cikinsa yau, kakanninsu sun yi kiwo a ciki. An kafa gandun Serengeti a 1951, a 1959 aka fitar da su daga cikinsa, aka ware yankin Ngorongoro a kan cewa nan za su zauna da dabbobinsu tare da namun daji. Har yanzu maganar zamansu a can ba ta mutu ba, daga 2022 an kwashe wasu zuwa Msomera a yankin Tanga, wasu kuma suna cewa ba za su bar ƙasar iyayensu ba. Ban faɗa maka wannan don ka je ka buɗe muhawara ba, baƙo raɓa ne. Na faɗa ne don ka dube su da idon da ya dace. Su masu gida ne. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki mutum hoto ta tagar mota kamar yadda ka ɗauki jakin dawa. Ka nemi izini, in ya ce sai an biya, ku daidaita kafin ka ɗauka, in ya ƙi ka haƙura. Yaran da ke ɗaga hannu a bakin hanya kuma, kada a wurga musu alewa ko kuɗi ta taga. Yana jawo su kan titi gaban motoci, yana kuma koya musu barin makaranta da kiwo su zo su tsaya jiran baƙi. In kuna da abin bayarwa, ku tambayi direba makaranta ko asibitin da za a kai.

Saura tsaraba. Abu na farko, daga cikin gandu ba a fita da komai. Ko ƙashi, ko ƙaho da ka tsinta a ƙasa, ko gashin jimina, ko ƙayar beguwa. A dokarsu duk wani sashe na naman daji kayan gwamnati ne, nyara za serikali suke cewa, kuma riƙe shi ba da izini ba yana kai mutum kurkuku. In wani ya ja ka gefe a gari ya nuna maka haƙorin zaki, ko farcensa, ko awarwaron hauren giwa, ko da ya rantse maka tsoho ne na gado, ka ce asante ka wuce. Tun 1989 ƙasashen duniya suka haramta cinikin haure tsakaninsu, kuma duk da haka giwayen Tanzaniya sun faɗo daga kimanin 109,000 a 2009 zuwa kusan 43,000 a 2014. Kowane ɗan awarwaro da aka saya yana da hannu a wannan. Na san akwai masu cewa a samo musu kitsen zaki ko wani abu don magani. Duk wanda ya aiko maka da irin wannan saƙo, ka ce Baffa ya hana, ya zo ya same ni.

Abin saye na halal yana da yawa. Akwai gahawar da ake nomawa a gindin Kilimanjaro da dutsen Meru, akwai kanumfarin Zanzibar, akwai mayafin Masai da suke kira shuka, da aikin duwatsun ado da matansu ke yi, wanda in ka saya a hannun mai yin sa kuɗin ya fi isa inda ya kamata. Mai ɗakinka za ta so zanen da ake kira kanga, bibbiyu ake sayar da shi. Amma kowane kanga da rubutu a gefensa, wani addu'a ne, wani kalmar ƙauna, wani kuwa habaici ne mai zafi da mata ke aika wa kishiya ko maƙwabciya. Kafin ta saya wa goggonninka, ku sa a fassara muku. Dutsen tanzanite, wanda aka gano a 1967 kuma a tsaunukan Mererani kaɗai ake haƙo shi, in za ku saya ku shiga shago mai lasisi, ku karɓi rasit da takardar shaida. A kasuwa ana ciniki, ka taya, amma kada ka matse mai sana'ar hannu har ya sayar maka don dole. Kuma ka tanadi jakar yadi, don tun 1 ga Yuni 2019 aka hana jakar leda a ƙasar.

Abu ɗaya da ya rage, kada daɗin rabuwa ya sa ka yi alkawarin da ba za ka cika ba. A irin wannan lokaci baki yakan yi sauri: zan aiko maka da waya, zan nema wa ɗanka makaranta. Kai ka manta kafin jirgi ya sauka, shi kuwa yana nan yana duba saƙo wata da watanni. In ka ce za ka turo masa hotunan da kuka ɗauka tare, ka turo a makon da ka dawo. In kana son ka yi masa abin da zai daɗe yana amfana, ka rubuta wa kamfanin, ka ambaci sunansa, ka faɗi abin da ya yi. Da irin wannan shaida ake sake ba mutum mota da baƙi. Kuma kafin ka juya, ka nemi ya yafe maka in ka ɗaga masa murya ko ka matsa masa a kwanakin nan, haka su ma abokan tafiyarka, har da su biyun nan. Kwana biyar a mota ɗaya cikin ƙura, ba a rasa abin da aka yi wa juna.

Dare ya yi a wurinku, na san kun riga mu da awa biyu. Ka ajiye wayar nan ka leƙa waje ka haska tocila, mai gadin yana kusa. In ka samu sunansa ka turo mini, ina so in ji. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata ta fito da rigar sanyi mai kauri ta ajiye a sama, don bakin ramin ya fi mita 2,000 a sama da teku, sanyin gobe ya fi na yau. Na ba Allah ajiyarku.

Baffanka.